Kirsimeti a Ƙasar Mabiya Buda: Yadda Baƙi Mazauna Tailan Ke Ji da Bikin

Ranar 25 ga watan Disamba ranar aiki ce a ƙasar Tailan, sai fa idan ta faɗo a ƙarshen mako. Bankuna suna buɗe, ma'aikatun gwamnati suna sauraron jama'a, yara suna tafiya makaranta, cunkoson motocin birnin Bankok kuma yana nan yadda aka saba. Dalilin a fili yake. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen ƙasar mabiya addinin Buda ne, Musulmi kusan kashi 5 ne, Kiristoci kuwa ba su wuce kashi 1 da 'yan kai ba. Hatta lissafin shekara ba daga haihuwar Yesu Almasihu, wato Annabi Isa alaihissalam, ake fara shi ba. Kalandar hukuma daga rasuwar Buda take ƙirgawa, shi ya sa ta riga ta Miladiyya da shekara 543, har shekarar 2025 ta zama 2568 a takardun gwamnati da jaridun ƙasar.

Duk da haka, wanda ya sauka Bankok a watan Disamba zai yi tsammanin a ƙasar Kiristoci yake. Tun daga watan Nuwamba manyan kantunan zamani irin su CentralWorld da Siam Paragon da Iconsiam suke fara gasar ado. Ana kafa bishiyoyin Kirsimeti masu tsawon benaye, ana lulluɓe tituna da fitilu, 'yan matan kanti suna sa jar hula mai farin baki, lasifikoki kuma suna ta rera waƙoƙin dusar ƙanƙara a garin da bai taɓa ganinta ba. A mahaɗar Ratchaprasong, inda babbar bishiyar CentralWorld take tsayawa, taku kaɗan ne zuwa wurin bauta na Erawan, inda jama'a ke kai furanni da turaren tsinke dare da rana. Masu ɗaukar hoto a gindin bishiyar da masu kai furannin sau da yawa mutane ɗaya ne, kuma ba su ganin wani karo tsakanin abubuwan biyu.

Abin da ya sa Tailanawa suka karɓi adon bikin hannu bibbiyu ba mai wuyar ganewa ba ne. Watan Disamba dama watan shagali ne a ƙasar. Ranar 5 ga wata ranar haihuwar marigayi Sarki Bhumibol ce, wanda ya rasu a 2016, kuma ita ce ranar iyaye maza. Ranar 10 ranar tsarin mulki ce. Ranar 31 da 1 ga Janairu hutun sabuwar shekara ne, wadda ƙasar ta mayar da farkonta zuwa Janairu tun 1941. Ga shi kuma lokacin ne masu yawon buɗe ido suka fi tururuwa, domin damina ta wuce, zafi ya yi sauƙi. Sai Kirsimeti ta shige cikin wannan jerin a matsayin share fagen sabuwar shekara. A ofisoshi ana musayar kyauta ta hanyar ƙuri'a, ana kai wa manya kwandunan kayan marmari, amma da sunan sabuwar shekara ake yi. Mutanen Tailan suna daraja abin da suke kira sanuk, wato nishaɗi da annashuwa cikin jama'a, kuma duk bikin da ya zo da fitilu da kyauta da hoto yakan samu masauki a wurinsu. Addinin Buda na ɗarikar Terawada da suke bi bai hana mabiyinsa taya wani murnar bikinsa ba. Tsarin mulki ma ya tanadi cewa sarki mabiyin Buda ne, amma majiɓincin addinai ne duka.

A cikin wannan yanayi baƙi 'yan ƙasashen waje suke tsintar kansu, kuma ba kala ɗaya ba ne su. Akwai 'yan fansho daga Biritaniya da Jamus da Ostireliya da Amurka da ƙasashen arewacin Turai, waɗanda suka zauna a Fataya da Huwa Hin da Fuket da Ciyang Mai da bizar ritaya, wadda ake bai wa mai shekara 50 zuwa sama idan ya nuna bat 800,000, wato kuɗin ƙasar, a banki ko kuɗin shiga na bat 65,000 a wata. Akwai malaman Turanci, da ma'aikatan kamfanoni da na ofisoshin jakadanci, da matasa masu aiki ta intanet. Akwai 'yan Filifin masu koyarwa da masu kiɗa a otal-otal, da miliyoyin 'yan ci-rani daga Miyanma da Kambodiya da Lawos, da 'yan kasuwar Afirka da ke zirga-zirga a unguwannin Nana da Pratunam. Yadda kowannensu yake ji da Kirsimeti ya danganta da abin da ya baro a gida, da imaninsa, da kuma nauyin aljihunsa.

Abu na farko da Bature ɗan arewacin duniya ke kokawa da shi shi ne yanayi. A ƙwaƙwalwarsa bikin a haɗe yake da sanyi mai ratsa ƙashi, da duhun da ke faɗowa tun la'asar, da rigunan ulu, da ɗumin cikin gida. A Bankok kuwa zafin rana a watan Disamba yakan haura ma'auni 30. Ko da ya ga bishiya ya ji waƙa, jikinsa bai yarda lokacin ya yi ba, har ranar ta zo ta wuce yana jin kamar bai yi bikin ba. Mazauna Ciyang Mai sun fi samun sauƙi, domin daren can yana da sanyi, a kan dutsen Doi Inthanon ma raɓa takan daskare da asuba. 'Yan Ostireliya da Afirka ta Kudu ba su da wannan damuwa ko kaɗan, tunda a ƙasashensu ma da zafi ake Kirsimeti.

Sai dai yanayi ba shi ne asalin ciwon ba. Abin da baƙo ya fi rasawa shi ne tsayawar gari gaba ɗaya. A ƙasarsa ranar Kirsimeti kantuna suna rufe, tituna suna yin tsit, maƙwabci da abokin aiki da direban bas duk sun koma cikin iyalinsu, kowa ya san abin da kowa yake yi a wannan sa'a. Wannan tarayya ita ke bai wa biki nauyinsa, kuma ita ce ba a iya shigo da ita a jirgi. Duk Bahaushen da Sallah ta taɓa riska a Landan ko Gwanju ya san wannan hali: ya je Idi da sassafe, ya cire babbar riga ya koma bakin aiki, babu yawon barka da Sallah, babu kwanon abinci daga maƙwabta, mutanen da ke kewaye da shi kuma ba su ma san wata rana ce ta musamman ba. Bambancin kawai shi ne a Tailan ado da waƙa suna ta tuna wa baƙo bikin a duk inda ya juya, kuma wasu sun fi jin zafin wannan tunatarwa a kan a ce babu komai.

Malaman makaranta su ne suka fi kowa ɗanɗana wannan. Makarantun gwamnati suna tsakiyar zango na biyu a watan Disamba, don haka malami baƙo yana bakin aiki ranar 25 ga wata. Bugu da ƙari, makarantu da dama sukan ɗora wa sashen Turanci shirya wasan Kirsimeti, sai a miƙa wa malamin jar riga da farin gemu ya fito a matsayin Santa, wanda a Najeriya aka fi sani da Fada Kirsimeti, ya riƙa raba alewa a filin taro cikin rana. Wasu malaman suna jin kamar an mayar da su da al'adarsu abin kallo. Wasu kuwa wannan safiya ce abin da suka fi tunawa da daɗi a duk shekarar, saboda murnar yaran ta gaskiya ce, kuma abokan aikinsu Tailanawa da kyakkyawar niyya suke yi, suna so su nuna masa ba a manta da ranarsa ba. Malaman makarantun ƙasa da ƙasa su ne 'yan gata, suna samun hutun makonni, da yawansu ma sukan tafi gida.

Waɗanda ba su tafi ba sai su dogara da waya. Tsakanin Tailan da Biritaniya akwai tazarar sa'a 7 a wannan lokaci, tsakaninta da birnin Niyok sa'a 12. Lokacin da dangi suke zaunawa cin abincin rana a Landan dare ya riga ya yi a Bankok, sai a kira ta bidiyo, a zagaya da waya daga hannu zuwa hannu, a ga jikoki suna buɗe kyauta. Kiran yana kashe ƙishirwa, amma idan aka ajiye waya ɗaki yakan ƙara faɗi. Wannan ya fi tsanani ga tsofaffin maza masu zaman kaɗaici a garuruwan shaƙatawa, waɗanda wasunsu sun rabu da matansu, wasu zumunci ya yanke tsakaninsu da 'ya'yansu. Mashaya a buɗe take, giya ba ta da wuyar samu, kuma a nan ne kewar gida take rikiɗewa ta zama matsala. Ba don banza ba ƙungiyar Samaritans ta Tailan take da layin sauraron masu damuwa cikin harshen Turanci.

Amma kuskure ne a ɗauka duk baƙi cikin kewa suke. Kaso mai yawa daga cikinsu sauƙi suke ji, kuma suna faɗar haka ba tare da kunya ba. A ƙasashen Yamma Kirsimeti ta zama nauyi: sayen kyauta ga dangi na kusa da na nesa, bashin da za a kwana biyu ana biya bayan Janairu, tafiya mai nisa cikin sanyi, zaman dole da 'yan uwan da ba a jituwa da su. Ga wanda ya yi rashin mata ko ɗa, ko wanda aurensa ya mutu, watan Disamba a gida azaba ne, domin komai na gari yana nuna masa gurbin da ya rasa. A Tailan babu wanda zai tambaye shi inda zai ci abincin Kirsimeti. In ya so ya yi biki, in ya so ya tafi bakin teku ko ya wuni a ɗakinsa, ba mai ganin laifinsa ko tausayinsa. Ana samun masu zuwa ƙasar takanas a wannan wata don su tsere wa bikin. Sau da yawa kuma kewar da sauƙin a zuciyar mutum ɗaya suke zaune: yana murna ya huta da hidima, amma ƙanshin wani abinci ko sautin wata waƙa ya isa ya jefa shi cikin tunani.

Masu son abincin gargajiyarsu suna samu, sai dai da tsada. Talotalo, wanda da yawansu suka saba ci a ranar, ba abincin Tailanawa ba ne, kuma yawancin kayan haɗinsa daga waje ake shigo da su, a same su a kantuna irin su Villa Market. Gidajen cin abinci na Turawa da manyan otal-otal suna shirya liyafar ranar, wasu otal-otal na bakin teku ma sukan wajabta wa mai masauki biyan kuɗin walimar jajibere ko zai ci ko ba zai ci ba. Masu ƙaramin ƙarfi sukan haɗu a gidan ɗaya daga cikinsu, kowa ya kawo abin da ya iya dafawa. Irin wannan taro na marasa dangi a kusa shi ne ginshiƙin Kirsimetin baƙi, kuma abokantakar da ake ƙullawa a wurin takan daɗe.

Ga masu riƙo da addini lamarin ya sha bamban, domin Kiristanci ba baƙo ba ne a ƙasar duk da ƙarancin mabiyansa. Turawan Fotugal sun iso tsohuwar masarautar Ayutaya a 1511, 'yan mishan na Faransa suka biyo baya a 1662. Bayan rushewar Ayutaya a 1767 zuriyar Fotugal suka zauna a unguwar Kudi Cin da ke gaɓar kogin Cawo Faraya, inda cocin Santa Cruz take har yau. A arewa, ɗan mishan Ba'amurke Daniel McGilvary ya isa Ciyang Mai a 1867, kuma makarantu da asibitin da aikin mishan ya haifar suna nan suna aiki. Babbar cocin Katolika ta Assumption da ke Bankok ta karɓi Fafaroma John Paul na Biyu a 1984 da Fafaroma Francis a 2019. Cocin Holy Redeemer, wadda aka gina da rufi irin na wuraren ibadar Buda, da Christ Church ta ɗarikar Angilika, suna gudanar da sujada da Turanci, kuma a daren jajibere sukan cika maƙil da baƙi daga nahiyoyi daban-daban. A lardin Sakon Nakon da ke arewa maso gabas akwai garin Ta Re, na Katolika ne masu tushe daga Biyetnam, inda kowace shekara ake jerin gwanon motoci ɗauke da manyan taurari masu haske, mabiya Buda kuma suna zuwa kallo da yawa.

Ra'ayin waɗannan masu ibada ya rabu biyu. Wasu yana yi musu ciwo su ga an ɗauki bishiya da Santa an bar wanda ake bikin dominsa, har yaro ya tashi yana zaton ranar haihuwar mai jar riga ake tunawa. Wannan ƙorafi yana da tushe, sai dai ba Tailanawa ne suka raba bikin da addini ba; a haka 'yan kasuwar Yamma suka kawo musu shi. Wasu kuma suna ganin zaman ya tace musu bikin. Wanda ya tashi daga aiki a gajiye, ya ratsa cunkoson Bankok ya je sujadar dare alhali gobe ma aiki ne, ya san abin da ya kai shi, ba al'ada ce ko idon dangi ya tura shi ba.

'Yan Filifin sun cancanci a dube su daban. A ƙasarsu hidimar Kirsimeti tun watan Satumba take farawa, kuma daga 16 zuwa 24 ga Disamba ana sujadar asuba ta kwana 9 da suke kira Simbang Gabi. A Tailan da yawansu su ne ke riƙe da bikin wasu: su ne mawaƙan otal a daren jajibere, su ne malaman da ke koya wa yara waƙoƙin. Albashinsu bai kai na Turawa ba, kuɗin jirgi a wannan wata ya yi tashin gwauron zabi, abin da suka tara kuma gida suke aikawa. Duk da haka su ne ƙashin bayan ƙungiyoyin mawaƙa a coci-coci da dama. Halin Kiristocin Miyanma, 'yan ƙabilun Karen da Cin da Kacin, ya fi wannan tsanani. Wasu suna aiki a masana'antu da wuraren gine-gine, wasu suna zaune a sansanonin gudun hijira na kan iyaka irin su Mae La, kuma tun juyin mulkin 2021 komawa gida ta zama haɗari ga da yawansu. Bikinsu waƙa ce gida-gida da tukunyar abinci ta taron coci. Idan ana maganar kewar baƙi a Tailan hankali ya fi tafiya ga Bature, alhali waɗannan ne ba su da zaɓin sayen tikiti.

Akwai kuma baƙin da suka yi aure a ƙasar, musamman a ƙauyukan yankin Isan. A can farang, kamar yadda ake kiran Bature, shi kaɗai ne mai bikin a duk ƙauyen. Lokacin an gama girbin shinkafa, mutane suna da sarari. Yakan rataya fitilu a jikin gida, ya saya wa yaran dangi kyauta, surukai su zo a ci gasasshiyar kaza da shinkafa mai danƙo da kwaɗon ɗanyen gwanda. Da safe uwargida ta riga ta fita ta zuba wa sufayen Buda abinci a ƙoƙonsu kamar kullum. 'Ya'yan irin wannan gida suna tashi da bukukuwa biyu ba tare da an ce su zaɓi ɗaya ba. Wasu baƙin ma sun rungumi addinin ƙasar ɗungurungum. Tun 1975 akwai gidan sufaye na Wat Pa Nanacat a lardin Ubon Racatani, wanda wani malamin Buda mai suna Ajan Ca ya kafa domin 'yan ƙasashen waje.

Inda al'adun biyu suka fi haɗuwa da gaske shi ne wajen kyauta ga mabuƙata. Mabiyin Buda yana neman lada ta hanyar bayarwa, abin da ake kira tam bun, Kirista kuma ya san watan Disamba da sadaka. Ƙungiyoyin baƙi sukan tara kuɗi da kayan wasa da barguna su kai wa cibiyoyi irin su Mercy Centre da ke unguwar talakawa ta Kulong Toi a Bankok, da gidauniyar Fada Ray mai kula da marayu da naƙasassu a Fataya, ko ƙauyukan kan duwatsu na arewa inda sanyi ke damun yara. Mafi yawan masu amfana mabiya Buda ne, masu taimakawa kuma gauraye suke. Baƙon da ya wuni a irin wannan aiki ya fi wanda ya biya kuɗin walimar otal samun abin da ya fito nema.

A gaɓar tekun Andaman ranar da ke bin Kirsimeti tana da nata nauyin. A ranar 26 ga Disamba, 2004, igiyar tsunami ta afka wa Fuket da Kawo Lak da tsibirin Fi Fi, ta kashe fiye da mutum 5,000 a Tailan kaɗai, kusan rabinsu baƙi ne da suka zo hutun biki. Ƙasar Suwidin ita kaɗai ta rasa fiye da mutum 500. Kowace shekara ana taron tunawa, inda sufayen Buda da limaman Musulmi da na Kirista suke addu'a a wuri ɗaya, kuma ga iyalan da suke dawowa daga Turai domin wannan rana Kirsimeti ba ta sake zama yadda take da ba.

Ba duk ƙasashen mabiya Buda ne suke tafiya a kan tsarin Tailan ba. A Siri Lanka da Miyanma, waɗanda Ingila ta mulka kuma Kiristocinsu suka fi na Tailan yawa, ranar Kirsimeti hutun gwamnati ce. A Kambodiya da Lawos ranar aiki ce. A Jafan ma aiki ake yi, kuma tallar da kamfanin KFC ya fara a 1974 ta sa soyayyiyar kaza ta zama abincin ranar.

Baƙon da ya daɗe a Tailan yakan gano cewa ƙasar tana da nata lokutan tsayawa, sai ya daidaita rayuwarsa da su. Daga 31 ga Disamba Bankok takan yi sako-sako, ma'aikata sun tafi garuruwansu, wasu kuma suna kwana a wuraren ibada suna karatu har shekara ta juya. Saboda haka iyalai da yawa na baƙi sukan ɗage babban taronsu zuwa wannan hutu, lokacin da matansu da surukansu da abokansu suke da sarari. Babban komawa gida na Tailanawa kuwa sai bikin Songkran, sabuwar shekararsu ta gargajiya, daga 13 zuwa 15 ga Afrilu, lokacin da ake zuba wa iyaye da tsofaffi ruwa a hannu don neman albarkarsu. Hukumar UNESCO ta sa wannan biki cikin jerin al'adun duniya da aka gada a watan Disamba na 2023.